Shiyya ta Tara

A Oulu rana ta fara rowa tun Nuwamba,
ƙarfe uku na yamma duhu ya riga ya shimfiɗa tabarma.
Ina gaban kwamfuta, kofi ya huce a gefe,
taswirar gidan tsofaffi a buɗe kamar kifin da aka feɗe.

Aikina in yanka gini ba da wuƙa ba.
Ba ɗaki-ɗaki ba, manhaja ba ta da wannan haƙurin.
Sai in tara masu hali ɗaya in raɗa musu suna ɗaya:
masu kallon kudu, da ke ɗan lasar hantsi, nasu daban,
na arewa, da iskar teku ke mari dare da rana, nasu daban.
Kicin ba ya roƙon kowa, tukwane ke ciyar da shi ɗumi.
Matakala marainiya ce, ba mai kwana a jikinta.
Cibiyar gini kuwa, da ba ta taɓa ganin taga ba,
ko ƙanƙara ko rana, duk kanwar ja ce a wurinta.

Taku biyar daga bangon waje na ja layi,
nan ne iyakar inda sanyi ke iya miƙa hannu.
Na ƙirga, takwas. Na ce madalla.

Veikko ya leƙo ta kafaɗata, baƙin burodi a baki:
"Kar ki ƙara ko ɗaya, Tuulikki.
Matsakaicin lissafi ba ya ƙarya."
Na danna. Injin ya haɗiye shekara guda cikin minti shida,
sa'a dubu takwas da ɗari bakwai da sittin,
ya tofo amsa: digiri ashirin da ɗaya.
Kowa lafiya lau.

Amma zane ba ya rawar ɗari.
Washegari na taka da ƙafata.
Pentti, mai kula da tukunyar ɗumama gida,
ya ja ni har ƙuryar hawa na uku,
ɗakin ƙarshe, inda bango biyu ke tsaye a waje
rufi ya zama na ukunsu.

Nan na iske Aune, shekara tamanin da bakwai,
safa kan safa, bargo a gwiwa,
tana saƙa wani abu ja da bai riga ya zama komai ba.
Ta cusa tsohuwar jarida a bakin taga.
Ma'aunina ya yi jim, sannan ya ce sha biyar.

"Yarinya, ni kika zo aunawa ko ɗakin?"
Na ce ɗakin.
"To rubuta masa, da asuba ya fi haka mugunta.
Hilkka ta can tsakiya tana buɗe taga don gumi,
ni da hula nake kwana.
Ki haɗa mu ki raba biyu mana,
ai sai ki ga babu mai ciwo."
Ta yi dariya, allura ba ta tsaya ba.

Na dawo ofis an watse.
Na ja layuka huɗu a kusurwar arewa,
ɗan murabba'i da bai kai farcen yatsana ba.
Gobe Veikko zai yi tsaki, na sani,
lissafi ya ƙara nauyi saboda ɗaki ɗaya tal.

Manhaja ta ce: sunan shiyya?
Ƙa'ida ta ce in sa harafi da lamba.
Na rubuta Aune.
Ta ce: mutum nawa?
Na ce ɗaya.
Ta ce jikin mai zama shiru tamkar ƙwan fitila ne,
ta ƙara shi cikin abin da ke ɗumama ɗakin,
kusa da bututu, kusa da butar shayi.

Na daɗe ina kallon wannan layin.
Sannan na danna,
shekara ta sake farawa daga Janairu,
kusurwar ta yi shuɗi, ta ƙi komawa.